Hukuncin Kisa: Gwamnoni Su Daina Noƙewa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci kan hukuncin kisa, wanda jama'a ke kiran a zartar wa 'yan bindiga duk lokacin da aka kai hari Sabon Birni ko Isa.

Ba na cikin masu cewa a soke shi ɗungurungum kamar yadda Saliyo ta yi a 2021. Kisasi yana cikin Suratul Baƙara, kuma sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya amince da kisa matuƙar kotu ce ta yanke shi. Sai dai ayar da ta wajabta kisasi ita ce ta buɗe wa magadan mamaci ƙofar afuwa da diyya, kuma malamanmu sun daɗe suna karantar da cewa ana tunkuɗe haddi da shubuha, domin gara shugaba ya yi kuskure wajen yafewa da ya yi kuskure wajen hukuntawa.

Mu Sakkwatawa mun ga amfanin wannan ƙa'ida ganin idonmu. A watan Oktoba na 2001 kotun shari'a ta Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini Tungar Tudu hukuncin jefewa, amma a watan Maris na 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ta wannan jiha ta sallame ta, kuma daga cikin dalilanta har da cewa abin da ake tuhumarta da shi ya faru ne kafin dokar ta fara aiki. Irin wannan hujja ce aka hana wasu samari uku da gwamnatin soja ta harbe a Legas a 1985 kan safarar miyagun ƙwayoyi, a ƙarƙashin dokar da aka kafa bayan sun aikata laifin. Safiya ta koma gida, su kuwa babu kotun da za ta iya mayar wa iyayensu da su.

Abin da ya fi damuna shi ne halin da ake ciki yau. Mutum sama da 3,000 ne ke jiran kisa a gidajen yarin ƙasar nan, alhali rabon da a zartar da hukuncin tun 2016 a Jihar Edo. Gwamnoni ba su sa hannu, ba su kuma sassauta, sun dai kawar da kai. Fursuna ya shafe shekara da shekaru yana firgita da ƙarar mabuɗin ganduroba kowace asuba, matar wanda aka kashe kuwa tana fama da marayu, ba kisasi ba diyya. A cikin waɗannan fursunoni akwai mugaye na haƙiƙa, akwai kuma talakan da ya amsa laifi don ya huta da duka, bai kuma sami lauyan kirki ba. Ikirarin da aka tatsa da kulki ai shubuha ce tsagwaronta.

Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ba babban alƙalin jiha ikon mayar da hukuncin kisa zuwa ɗaurin rai da rai idan mutum ya ƙare ɗaukaka ƙara kuma ya shekara 10 yana jira. Ina kira ga ma'aikatar shari'a ta jiharmu da ta zaro takardun shari'ar waɗannan fursunoni ɗaya bayan ɗaya, a gayyato magada a ji ta bakinsu, inda hujja ta tabbata babu tantama gwamna ya ɗauki nauyin da ya yi rantsuwa a kansa, inda kuma ta yi rauni a sassauta.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku daga Sakkwato.