Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano: A Sa Filayenmu Na Tarihi A Taswira

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina addu'ar Allah ya yi riƙo da hannunka.

Ranka ya daɗe, ni ɗan cikin badala ne, a nan aka binne cibiyata, kuma na haura shekara 20 ina koyar da labarin ƙasa a sakandare. Wani kududdufi da ke bayan gidanmu ne ya sa na ɗauki alƙalami. Muna yara akwai tsamiya biyu da wata ƙatuwar ceɗiya a bakinsa. Dattawa su shimfiɗa tabarma bayan la'asar, mu kuma mu yi ta langa har a kira magariba. Da shara aka fara. Sai tifa ta riƙa zuwa da daddare tana juye ƙasa. Damina ɗaya ta zagayo, muka wayi gari an haƙa harsashi. Yau shaguna ne reras, kuma duk watan Agusta ruwan da kududdufin yake shanyewa zaurenmu yake kwana. Da muka kai kuka, tambaya ɗaya aka yi mana: ina shaidarku cewa filin na jama'a ne, daga ina ya fara, a ina ya tsaya? Muka yi tsuru-tsuru. Ba mu da komai sai "haka muka taso muka gani."

Wannan tambayar tana da amsa a yau, kuma kayan aikin suna hannun gwamnatinka. Akwai KANGIS mai ajiye bayanan filaye a kwamfuta, akwai KNUPDA mai tsara birni, ga malaman labarin ƙasa da ɗalibansu a Jami'ar Bayero.

Aikin ba ɓoyayye ba ne. A ɗauko tsofaffin taswirori na zamanin Turawa da hotunan da aka taɓa ɗauka daga jirgin sama, a shigar da su kwamfuta, a daidaita su da alamun da ba sa motsi, kamar Dala da Goron Dutse da ƙofofin gari. Sannan a shimfiɗa hoton tauraron ɗan'adam na bana a kansu. Nan take ido zai ga inda fili ya tsuke, inda kududdufi ya ɓace, inda gini ya hau ganuwa. Na taɓa gwada wa ɗalibaina a Google Earth, manhajar da ke nuna hotunan ƙasa daga sama, muna ja da shekaru baya muna dawowa. Wani yaro ya ɗora yatsa a fuskar kwamfutar ya ce, "Malam, ashe nan da bishiyoyi ne?" Unguwarsu ce, bai taɓa sani ba.

Ganuwa ta fi damuna. Sarki Gijimasu ya fara ta tun wajen ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta, kuma tun 2007 take cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tana neman a sa su cikin kayan tarihin duniya, tare da Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Sarki. Amma duk wanda ya bi daga Ƙofar Na'isa zuwa Gadon Ƙaya zuwa Kabuga ya san abin da ya rage. A auna ta taku bayan taku, da jirgi maras matuƙi da na'urar safiyo, a fitar mata da harabar da ba mai taɓawa, a dasa bishiyoyi a bi ta da su. Mutanen cikin gari za su sami wurin shan iska a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40.

Haka Filin Mahaha, da Filin Sukuwa, da gidan zu na Audu Bako, da kewayen marinar Ƙofar Mata. Kowace kuka da rimi da maɗaci ta sami lamba a taswira, don in an sare a sani. Kududdufan da suka rage kuwa, taswirar tudu da kwari za ta nuna waɗanda suke tare ruwa kafin ya gangara Jakara, sai a fara ceto da su.

Kwamfuta ba ta san sunan wuri ba. A zauna da masu unguwanni da dattawa tun suna raye, su nuna iyaka da sandarsu, a rubuta.

Roƙona mafi girma, ranka ya daɗe, kada taswirar ta kwanta a durowar ofis. A ɗora ta a intanet, da Hausa, kowa ya buɗe a wayarsa. A kafa turakun siminti a ƙasa daidai da abin da ke cikinta, a mara mata baya da dokar majalisa, yadda mai awon igiya ko mai takarda a hannu ba zai ce bai sani ba. In za a gwada, a fara da tsakanin Ƙofar Na'isa da Ƙofar Ɗan Agundi kafin damina ta faɗi. Ni da ɗalibaina a shirye muke mu riƙe igiyar awo kyauta.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani malamin makaranta daga cikin birni