Yaron da Bai Jin Daɗi: Gida ko Makaranta?

Edita, assalamu alaikum.

Ina jan hankalin iyaye ma'aikata a Gusau. Majina da ɗan tari ba sa hana yaro zuwa makaranta muddin yana ci yana wasa. Amma in zafin jikinsa ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius, ya zauna gida. Wasu kan ɗura masa farasitamol da safe su tura shi, alhali maganin kan sake shi cikin awa 4 zuwa 6, zazzaɓin ya dawo a aji. Da damina, a gwada maleriya tukuna. Mai gudawa ko amai sai ya yi awa 48 lafiya kafin ya koma makaranta. A dama masa ƙunshi ɗaya na ORS, wato garin gishiri da sukari mai mayar da ruwan jiki, a ruwa mai tsabta lita 1. In kakarsa za ta riƙe shi, a fayyace mata lokutan magani.

Daga wata mai karatu, Gusau