A Bambance Bincike da Magani a Maganar Gyaran Ƙoda

Assalamu alaikum Edita,

Ƙanena ya shekara biyu ana yi masa wankin ƙoda, sau uku a mako, awa huɗu kowane zama. Shi ya sa duk labarin da ya ce ƙwayoyin halitta na asali (stem cells, wato ƙwayoyin da ke iya rikiɗa su zama wasu nau'o'in ƙwayoyin jiki) za su gyara ƙodar da ta lalace, a gidanmu yake sauka, kuma mahaifiyarmu ba ta barci ranar.

Roƙona shi ne idan za ku kawo irin wannan labari, ku faɗa wa mutane a wane mataki aikin yake. Ci gaba kam akwai. A 2006 Shinya Yamanaka na Japan ya nuna za a iya mayar da ƙwayar fata ta koma ta asali, ya kuma sami kyautar Nobel a 2012. A 2015 ayarin Melissa Little a Ostiraliya suka raini 'yar mitsitsiyar ƙoda a ɗakin gwaji. Amma ƙodar mutum guda tana da ƙananan matatai wajen miliyan ɗaya, kuma bayan haihuwa jiki ba ya ƙera sabbi. Matatar da ta mutu ta mutu. Ƙwayoyin da ake ɗebowa daga ɓargo ko igiyar cibiya, in an ɗura su ta jijiya, akasarinsu a huhu suke maƙalewa. Amfanin da ake gani a jikin ɓeraye, rage kumburi ne da wasu sinadarai da suke fitarwa. Da aka gwada su a kan mutum 156 waɗanda ƙodarsu ta sami rauni bayan tiyatar zuciya, sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna waɗanda aka ba ƙwayoyin a cikinsu ba su riga sauran warkewa ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu sayar da allurar waɗannan ƙwayoyin tun yanzu. A 2010 likitoci sun ba da rahoton wata mata da aka yi wa allurar kai tsaye cikin ƙoda a Tailan, ƙulli ya fito mata, har sai da aka cire ƙodar. Mu ma wani ya kira mu, ya ce ƙanena zai daina wanki bayan allura uku. Allah ya taimake mu, likitansa ya hana.

Don Allah ku gayyato ƙwararren likitan ƙoda ya yi bayani a shafinku, ya kuma gargaɗi marasa lafiya kada su bar wanki ko maganin hawan jini da na siga saboda alkawarin wani.

Naku,
Yayan wani majinyaci