Zuwa ga abokina a Abijan, kan maganar yatsunka

Tawa, daren Lahadi

Abokina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jiki, ya baƙunta? Nan gida kowa lafiya lau, sai zafin bazara da ya sa mu kwana a tsakar gida. Shekaranjiya na je gai da Inna, ta ce in gaya maka ka bar ɓoye mata abu, labarin hannunka ya daɗe da iso mata ta bakin 'yan bida da suka dawo.

Saƙonka na murya sau uku na saurare shi. Ka ce injin yankan katako ya ɗauke maka kan yatsu biyu na hannun hagu, ciwo ya warke, amma kai da jita kun yi bankwana, har kana cewa in sayar da taka da ke rataye a shagona in ba Inna kuɗin. Allah ya sa kaffara ne. Jita kuwa ban sayar ba, ba ni ma da niyya. Na ƙi kiran ka ne don na san halinka na katse mutum, ita kuwa takarda ba ta katsuwa.

Ɗan yayata da ke karatu a jami'a a Yamai ne ya jawo wannan dogon zance. Lokacin da wani mawaƙin Ingila, Ozzy Osbourne, ya mutu a Yulin 2025, yaron ya turo mini faifan farko na ƙungiyarsu, Black Sabbath, ta WhatsApp, wai in gwada manyan lasifikokin da nake ba da haya wajen biki in ji ko za su ɗauka. Na bar shi a waya wata da watanni. Sai da labarinka ya zo yaron ya ce, kawu, ai mai jitar faifan nan irin ciwon abokinka ne da shi. Daren nan na zauna na bi labarin.

Sunan mutumin Tony Iommi. Ɗan Birmingham ne, garin masana'antu da hayaƙi, unguwar Aston ta talakawa. Yana da shekara 17 yana aiki a wata masana'antar ƙarfe, kuma a ranarsa ta ƙarshe a wurin, ranar da zai ajiye aiki ya koma kiɗa, inji ya datse masa kan yatsan tsakiya da na kusa da ƙaramin yatsa na hannun dama. Kada ka ce ai dama ce. Bahago ne, da daman yake danna tsirkiya, wato hannun da ya yi daidai da hagunka. Shi ma cewa ya yi an gama. Wani shugabansa a wurin aikin ya kawo masa faifan Django Reinhardt, makaɗin da gobara ta lalata wa hannu yake kiɗa da yatsu biyu, ya ce saurara.

Abin da ya yi bayan nan shi ya fi burge ni, don aikin irinmu ne masu gyara. Ya narka robar kwalbar sabulun wanke kwanoni, ya mulmula ta, ya huda da ƙarfe mai zafi har yatsa ya shiga, ya goge ta, sannan ya liƙa mata fatar wata tsohuwar riga don kada ta zame a kan tsirkiya. 'Yar hula ke nan ga kowane yatsa. Tsirkiyoyin jita na lokacin sun yi masa tauri, sai ya haɗa da na banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya, masu siranta. Ba ya jin tsirkiya a ƙarƙashin robar, da kunne yake gane ko ya danna daidai.

Su huɗu ne a ƙungiyar: shi, da Ozzy da ya taɓa aiki a mahauta, da Geezer Butler mai jitar bas, da Bill Ward mai ganga. Da farko sunansu Earth, sai suka tarar akwai wasu masu wannan suna, suka koma Black Sabbath, sunan wani fim na tsoro na 1963. A ƙarshen 1969 suka shiga wani ƙaramin situdiyo a Landan, Regent Sound, suka ɗauki faifan gaba ɗaya cikin yini guda. Ba wata dabara: abin da suka saba bugawa kowane dare a gidajen rawa shi suka buga, tare a lokaci ɗaya, mawaƙin na cikin wani ɗan ɗaki shi kaɗai. Ana cikin aiki jitar Iommi, ƙirar Fender, ta samu matsala, ya ɗauki ta ajiya, ƙirar Gibson SG, kuma da irinta duniya ta san shi har yau. Da suka gama suka kama hanyar Suwizalan inda aka ɗauke su wasa, suka bar furodusa, Rodger Bain, ya ƙarasa haɗa sautin ba sa nan.

Ka tuna kasetɗin da muka so yi ni da kai, muka shekara biyu muna cewa sai mun samu kayan aiki na kirki? To.

Faifan ya fito ran Juma'a 13 ga Fabrairu 1970, ranar da Turawa ke camfawa. Masu sharhi a jaridu suka yi masa ca. Lester Bangs na mujallar Rolling Stone ya kwatanta su da ƙungiyar Cream, ya ce sun fi ta muni. Amma samarin da ke fitowa daga masana'antu da kuɗin mako a aljihu ba su nemi izinin ɗan jarida ba. Faifan ya kai na 8 a jerin waɗanda suka fi ciniki a Ingila, a Amurka ya kai na 23, ya fi shekara yana cikin jerin. Kafin shekarar ta ƙare sun fitar da na biyu, shi kuma ya hau na ɗaya a Ingila. Yau da yawa na cewa daga wannan yinin aka haifi kiɗan da suke kira heavy metal, jaridun da suka zage shi ma sun dawo suna yabo.

Bari in ba ka dariya. Na kai shi fada wani dare, na haɗa da babbar lasifika. Faifan da ruwan sama yake farawa, da tsawa, da ƙararrawa daga nesa (furodusan ne ya ƙara su, ba 'yan ƙungiyar ba). Wallahi sai ga Baba maƙwabcinmu ya fito da tabarmarsa a hannu yana duban sama, a watan da ko gajimare ɗaya babu. Kafin mu yi masa bayani jita ta faɗo. Mai dafa shayi ya kusa kifar da buta. Sauti uku ne kawai, a hankali, da nauyi, kamar raƙumi ya ɗauko gishiri ya gaji. Baba ya ce wannan kiɗan 'yan bori ne na Turawa, ya koma gida yana a'uziyya. Ɗaya ya ce inji ne ya lalace. Yara biyu kuwa suka matso da wayoyinsu in tura musu.

Ni ra'ayina, ba duka faifan ne ya yi mini ba. Wajen ƙarshe akwai inda jita ke ta yawo ita kaɗai har na tashi na zuba shayi na dawo ba ta gama ba. Sunan ƙungiyar ma bai kwanta mini ba, balle gicciyen da aka kifa a cikin bangon faifan, ko da yake kamfanin ne ya sa shi ba tare da ya tambaye su ba. Yaron ya fassara mini waƙar farko, ashe mutum ne ya ga abin tsoro yana kiran Allah ya cece shi. Amma ba wannan ya sa na rubuto maka ba. Ni hannun nake saurare. Na sa kunne sosai ko zan ji inda roba ta zame, ban ji ba.

Kuma kada ka ce abin Turai ne, su suna da komai. Mdou Moctar ɗan jiharmu ne, na wajen Abalak, shi ma bahago. Jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke ya haɗa ta. Faifansa na farko a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, babu kamfanin da ya sayar da shi a lokacin, daga waya zuwa waya ya yaɗu, ni da kai ma a memori muka fara jin sa. Yanzu Amurka da Turai yake zagayawa.

Na san za ka ce shi Iommi yana da shekara 17, kai kuwa ka ba arba'in baya, ga iyali. Gaskiya ne, ban kuma ce za ka cika filin wasa ba. Shi ma ya sha wuya kafin hannun ya saba. Abin da nake so kawai, in ka zo Sallah babba mu zauna bayan isha'i kamar da.

Ga abin da za ka yi mini. Ɗora hannun a kan takarda ka zagaye shi da biro, ka auna kaurin yatsun biyu da zare, ka ɗauki hoto ka turo. Na riga na yi magana da wani baduku a kasuwa, ya ce fatar akuya mai laushi za ta yi, jaka guda zai karɓa. Robar ni zan narka ta a shago, na lalata guda huɗu ina gwaji a yatsana, ta biyar ta fara kama hanya. Na kuma sa yaron ya nemo tsirkiyoyi mafi siranta a Yamai ya ba direba.

Ka gai da mutanen Adar na wurinku duka. Maiɗakina na gaishe ka, ta ce yajin da ta yi maka alkawari yana nan. Kada ka manta da zaren.

Naka har kullum,
abokinka na shagon rediyo