Zuwa ga Uwata, kan littafin da kike rubutawa

Aboabo, Kumasi

Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, mu nan kowa ƙalau. Babobin da kika aiko sun iso, ƙanenki ya kai an buga mini su a takarda, don idona ba ya jure karatu a waya. Wasu wuraren na fassara wa mahaifiyarki. Kin ce in faɗa miki gaskiya, to ga ta.

Babin asibiti ya yi. Wurin da tsohuwar Baturiya ta janye hannunta ta ce a kira mata wata, yarinyar labarinki kuwa ta ninke tawul, ta fita ta jingina da bango tana lissafin kuɗin haya, kada ki taɓa ko harafi a ciki. Wariyar launin fata ba ƙage ba ce, unguwar da kike zaune ma shaida ce. A Bronx ɗin nan ta New York ne 'yan sanda huɗu suka buɗe wa Amadou Diallo wuta a ƙofar gidansa a watan Fabrairu 1999, harbi 41. Ɗan Gini ne mai talla a bakin titi, babu makami a jikinsa, kuma a 2000 kotu ta wanke su. Duk wanda ya ce ki sassauta don kada masu karatu su ji zafi, kada ki saurare shi.

Babin Zango ne ya hana ni barci. Na ga kwata, na ga ƙuda, na ga malamin tsibbu da uba mai aurar da 'yarsa dole. Ban musa ba, akwai su, wanda ya tsallaka rafin Aboabo da damina ba sai an ba shi labarin shara ba. Amma ina adashin matan gidanmu da ya cika kuɗin jirginki? Ina mai kokon da ke ba yaran makaranta bashi ba ta taɓa rubutawa ba? Ina dariya? Kin girma a gidan da ba a yini ba a yi raha ba, amma a shafukan nan babu wanda ya ko murmusa. Sannan kina tsayawa kina bayanin mene ne ƙosai, me ya sa uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, kamar mai zagayawa da baƙi a gidan tarihi. Nan na gane ba mu kike yi wa magana ba.

Kin ce matar da ke duba miki rubutun ta ce masu karatu na can suna so su ga abin da yarinyar ta gudo ta bari. Uwata, wannan ma wariya ce, hannunta ne dai da laushi. Ma'anarta ba za a tausaya wa baƙar fata a kan wulaƙancin da aka yi masa ba sai an tabbatar cewa inda ya baro ya fi muni, don a ƙarshe a ce ai duk da haka an yi masa alheri. Idan kin biya wannan farashi, babin asibitin ma ya tashi a banza.

Ban ce ki yi mana kwalliya ba. Ki soke mu, amma a inda muke da laifin gaske, kuma kin tsallake manyan wuraren.

Mu kanmu jikokin baƙi ne. Kakannina fataken goro ne daga Kano zuwa Salaga, yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar, mutane suka bazu Kete Krachi da Kumasi da Ankara, babban birnin Gana. A Nuwamba 1969 ina yaro gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. Na ga maƙwabcinmu tela, Bayerabe da aka haifa a nan, ya fito da kekensa na ɗinki ƙofar gida yana neman ko nawa ne. Waɗanda jiya suke kawo masa ɗinkin Sallah suka tsaya suna taya keken a wulaƙance. Ya bar wa kakanki makullin ɗakinsa ya ce zai dawo, aka loda su a bayan babbar mota, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi ita ma, 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka dawo gida, jakar da suka zubo kayansu a ciki har yau sunanta Ghana Must Go. Babu Bature ko ɗaya a labaran nan biyu. Ke ma kin tuna ranar da muka je wani ofishi neman takardarki, aka dubi sunanki aka ce in kawo shaidar inda aka haifi kakana. Yarinyar labarinki 'yar Zango ce, ta san tambayar "daga ina kike asali" tun kafin ta ga jirgi. Me ya sa kika sa ta fara jin ta a Amurka?

Laifi tudu ne. Kasuwar Salaga ba goro kaɗai aka sayar a cikinta ba, an sayar da mutane, kuma namu na cikin masu saye da sayarwa. Har gobe in za a yi aure akwai gidajen da ke raɗa a bincika ko akwai bauta a asalin yaro. Ki dubi yadda muke daka wa 'yan matan Arewa masu dakon kaya a kasuwar Kejetia tsawa, kwano a ka, goyo a baya. Ki dubi man bilicin da ke ɗakunan amare. Sai kuma abin da ba mu son faɗa saboda addini ya haɗa mu: a 2017 duniya ta ga hoton bidiyon da ake gwanjon baƙaƙen fata a Libiya, kuma a shekarar ce gwamnatin Gana ta dakatar da kai 'yan aikin gida ƙasashen Larabawa na yankin Gulf saboda azabar da 'yan matanmu ke sha. Wasu daga lungunanmu suka tafi.

Akwai layi ɗaya da ya fi ba ni haushi. Kawun yarinyar ya gargaɗe ta ta nisanci baƙaƙen Amurka, wai malalata ne, kuma labarin ya wuce kamar ya faɗi gaskiya. Na san ana faɗar haka a ɗakunan 'yan uwanmu a can, don haka ki bar shi ya faɗa. Amma ki sa labarin ya kama shi. Waɗannan mutanen ne aka daka aka ɗaure har aka yi dokar 'yancin jama'a ta 1964, a 1965 kuma aka soke tsarin shige da fice da ke fifita mutanen Turai. Martin Luther King ya zo Ankara bikin 'yancin kanmu a 1957, Du Bois kuwa, masanin nan baƙar fata na Amurka, a Ankara ya rasu a 1963, a can kabarinsa yake. Wasu kakanninsu ta Salaga suka bi zuwa bakin teku. Baƙon da ya isa jiya ya tarar da ƙofa a buɗe bai kamata ya raina masu buɗe ta ba, marubuciya kuwa ba ta da uzurin rashin sani.

Abu na ƙarshe na gida ne. Gwaggon da ke babi na uku, kowa a Aboabo zai gane ko wace ce, har da yadda take ɗaura ɗankwali. Tana raye, 'ya'yanta suna karatu. Ko dai ki sauya ta yadda ba za a gane ba, ko ki kira ta ki nemi izini.

In kin samu hutu ki zo ki zauna da tsofaffin da suka ga 1969, sun fara ƙarewa. Akwai biyu a masallacinmu da na yi wa magana, sun yarda ki ɗauki muryarsu. Ki aiko sauran babobin ko ba ki gama gyara ba. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce ki kira ta ran Juma'a bayan la'asar ɗinmu.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki