Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Maiwurno Kan 'Ya'yanmu Da Ake Tsare Da Su Ba Tare Da Shari'a Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Maiwurno, jikan Sarkin Musulmi Attahiru, ta hannun 'yan majalisar fada.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara. Bayan gaisuwa irin ta talakawa ga ubangidansu, mu dattawa da limamai da iyaye mata na ƙauyukan da ke gaɓar kogi kudu da Sinnar a ƙasar Sudan muna neman afuwa bisa ɗora wa Sarki wannan nauyi a lokacin da muka san fada ba ta rabuwa da masu kuka. Da akwai wata ƙofar da ba mu ƙwanƙwasa ba, da can muka nufa.

Ranka ya daɗe, ranar Talatar da ta gabata aka aiko wa wani dattijo daga cikinmu cewa ya je asibiti ya ɗauki ɗansa. Yaron nan tun kafin damina wasu mutane masu kayan soja suka sauke shi daga motar kasuwa a wani shingen bincike, kuma tun daga ranar babu wanda ya sake jin ɗuriyarsa. Uban ya tafi da murna, har ya riƙa masa riga da takalmi, sai ya tarar da gawa. Ba a ba shi takardar likita ba, ba a gaya masa inda aka ajiye yaron duk tsawon watannin nan ba, ba a faɗi laifin da ya yi ba, sai umarni kawai da aka ba shi cewa a binne shi kafin magariba kuma kada a tara jama'a. Waɗanda suka yi masa wanka dattawa ne masu tsoron Allah, sun ga abin da suka gani a bayansa da wuyan hannuwansa, kuma a shirye suke su faɗa a gaban Sarki bisa rantsuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba a ma tashi daga zaman makoki ba, daren Alhamis aka sake shigowa da motoci aka kwashe wasu samari daga bukkokin masu yankan riɗi, har da ƙanen mamacin, wanda ko gemu bai fara ba.

Kalma ɗaya ake jifan su duka da ita, wai masu haɗa baki ne da mayaƙan Da'amus Sari (RSF) da ke yaƙi da sojojin ƙasa, wani lokaci kuma a ce 'yan ta'adda. Idan aka tambayi hujja, sai a ce an ga wata lamba a wayarsa, ko an turo masa kuɗi ta manhajar banki ta Bankak daga wani gari da ke hannun mayaƙan, ko kuma ba shi da lambar ɗan ƙasa. Allah ya taimaki Sarki, wane gida ne a ƙasar nan ba shi da ɗan uwa a wancan ɓangaren tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023? Batun takardu kuwa Sarki ya fi mu sanin asalinsa. Da yawa daga cikin yaran nan 'ya'yan waɗanda suka gudo ne daga garuruwan Rusairis da Damazin a rikicin ƙabilanci na Yulin 2022, da Wad al-Mahi a watan Oktoba na shekarar, suka baro gidaje suna cin wuta da duk abin da ke ciki. Da Sinja, babban birnin Jihar Sinnar, ta faɗa hannun mayaƙan a ƙarshen Yunin 2024 suka sake gudu da kayan jikinsu, kuma har sojoji suka ƙwato garin a watan Nuwamba babu ofishin da mutum zai je ya sabunta takarda. Mutumin da aka ƙone masa takarda sau ɗaya, aka kore shi sau biyu, shi ne yau ake kamawa don ba shi da takarda.

Ba mu zo mu ce duk 'ya'yanmu waliyyai ba ne, kuma ba mu jahilci halin da ƙasa take ciki ba. Mun ga abin da mayaƙan suka yi a Jihar Jazira da ƙauyukan Sinnar, mu ma an washe mu, mun binne namu, kuma akwai 'ya'yanmu da ke bakin daga a cikin rundunar ƙasa a yanzu haka. Duk wanda ya nuna wa ɓarayi gidan maƙwabcinsa, mu ne za mu fara ba da shaida a kansa. Amma a kai shi gaban alƙali. Dokar Laifuffuka ta 1991 ta tanadi hukunci mai tsanani, har da kisa, a sashe na 50 da na 51 ga wanda ya yi wa tsarin ƙasa zagon ƙasa ko ya ɗaura yaƙi da ita, kuma Dokar Yaƙi da Ta'addanci ta 2001 kotuna ta ambata, ba ɗakunan bariki ba. Dokar da ta tsara yadda ake bin shari'ar laifi, ita ma ta 1991, ta ba 'yan sanda awa 24 su riƙe mutum don bincike, mai gabatar da ƙara yana iya ƙarawa zuwa kwana 3, abin da ya wuce haka kuwa sai da izinin alƙali, sannan ta ba wanda aka kama damar sanar da iyalinsa da ganin lauya. Ba mu muka rubuta waɗannan dokoki ba, hukuma ce ta rubuta su, kuma a shekarar 2021 Sudan da kanta ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana azabtarwa da ta hana ɓatar da mutane. Tun kafin duk wannan, shari'ar Musulunci da ta fito da kakanninmu daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi a 1903 ta ɗora kawo hujja a kan mai da'awa, ta kuma hana a kama wani da laifin wani.

Akwai abin da yake ba mu mamaki, ranka ya daɗe. Lokacin da Amurka ta tsare Sami al-Hajj, mai ɗaukar hoto na tashar Aljazeera, aka kai shi Guwantanamo, Sudan gaba ɗaya ta tashi, jaridu da masallatai da hukuma, kowa yana cewa ko a yi masa shari'a ko a sake shi, har ya dawo Khartum a watan Mayun 2008 bayan fiye da shekara 6 ba tare da an tuhume shi da komai ba. Maganar da muka gaya wa Amurka a wancan lokaci ita ce muke maimaitawa yau a cikin gidanmu. Mun kuma ji abin da ya sami 'yan uwanmu na Borno, inda ƙungiyar Amnesty ta bayyana a 2015 cewa fiye da mutum 7,000 sun mutu a hannun sojoji a wuraren tsarewa irin barikin Giwa da ke Maiduguri, da sunan farautar Boko Haram. Muna jin labarin a rediyo muna neman tsari, ba mu taɓa zaton za mu rubuta irinsa da hannunmu ba.

Mun bi hanyoyin da suka kamata. Mun je wurin umdodi, wato dagatai, da shehunan ƙauyuka, mun tura wakilai ofisoshi daban-daban, wannan ya ce ba ya hannunsa, wancan ya ce a dawo bayan sati, wani kuma ya ce mu gode Allah da ba a haɗa da mu ba. Wasu iyaye sun sayar da awaki da buhunan dawa sun ba 'yan tsakani da suka yi alkawarin fito da yaran, kuɗi ya tafi, yaro bai dawo ba. Mata suna kai abinci ƙofar wuraren da ake zaton can suke, a karɓa, ba su san ko yana isa ga mai shi ba. Riɗi kuwa ba ya jiran kowa, idan ya nuna ba a yanke ba zubewa yake yi, ga shi 'yan ƙwadago sun daina fita gona saboda tsoron shinge. Muna ta danne samarin da suka rage muna ba su haƙuri, amma gaskiya bakinmu ya fara yin nauyi a gabansu.

Saboda haka muna roƙon Mai Martaba, da girman kujerar da Allah ya ɗora shi a kai, ya yi magana da Gwamnan Jihar Sinnar da shugabannin tsaro a ba mu sunayen duk waɗanda ake riƙe da su da wuraren da suke, domin uwa ta san ko ɗanta yana raye. Muna roƙon duk wanda ake da hujja a kansa a miƙa shi ga mai gabatar da ƙara, a yi masa shari'a a fili da lauya a gefensa, wanda babu komai a kansa kuma a sallame shi, mu dattawa mun yarda mu tsaya masa. Yaran da ba su balaga ba a fito da su tun yau, musamman ƙanen marigayin, domin uwarsu ba ta iya ko tashi zaune. Muna neman a binciki mutuwar yaron nan, likita ya rubuta abin da ya kashe shi, a ba uban takarda a hannu. Muna roƙon a turo ma'aikatan rajista ƙauyukanmu su yi wa waɗanda takardunsu suka ƙone sababbi, fada ta ba da shaidar asalinsu kamar yadda aka saba. A kuma hana shiga gidajen mutane da dare babu mai unguwa babu takardar izini. Sunayen nan dai, ranka ya daɗe, ko da sauran za su ɗauki lokaci, a fara ba mu su.

Mun haɗa jerin waɗanda aka kama da ranakun da wuraren da aka ɗauke su, za mu miƙa shi hannu da hannu ga wanda Sarki ya wakilta, kuma muna neman a sa mana ranar da wakilanmu za su zo fada tare da mahaifin marigayin da waɗanda suka yi masa wanka.

Allah ya ja zamanin Sarki. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Daga talakawan Sarki,
Dattawa, limamai da iyayen waɗanda ake tsare da su,
Ƙauyukan gaɓar kogi, Jihar Sinnar.