Rahoton kwamitin unguwa kan sake gina gadar bakin layin dogo

Assalamu alaikum, iyayenmu maza da mata, malamai, 'yan kasuwa da matasan unguwa. Kwamitin da taron unguwa ya ɗora wa nauyin sake gina gadar da ke fitar da mu zuwa titin filin jirgin sama yana sanar da ku cewa aiki ya kammala, an kuma buɗe hanya. Tun da kuɗinku ne da guminku, ga bayanin yadda aka yi.

Saboda 'yan'uwanmu da ke zaune a waje, waɗanda wasunsu sun daɗe ba su zo Yamai ba, bari mu fara da fasalin wurin. Mai fitowa daga unguwa sai ya hau gada ya ƙetare babbar magudanar ruwa, 'yan taku kaɗan kuma ya tarar da ƙarafan layin dogo, ya tsallaka su, sannan ya hau kwalta. Layin nan shi ne wanda aka buɗe tasharsa ta Yamai a watan Afrilu na 2014, aka kai shi Dosso a 2016, tsawon kilomita kusan 140, da niyyar wata rana ya haɗu da na Benin da ke tashi daga Kwatano ya tsaya a Parakou. Jirgin fasinja bai fara zirga-zirga a kansa ba har yau. Amma yana nan shimfiɗe a bakin gadarmu, kuma shi ya fi komai jawo gardama a wannan aiki.

Mutane da yawa sun ɗauka manyan motocin yashi ne suka karya tsohuwar gadar. Da injiniya ya sa aka tone gindinta, sai muka ga ruwa ne. Ƙofar da aka bar wa ruwa ƙarama ce, rabinta kuma ya cike da rairayi da leda da tsummokara. In aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta, wanda bai samu hanya ta ciki ba sai ya bi ta gefe, yana kwashe ƙasar da ke bayan katanga kaɗan-kaɗan. Ginshiƙan ma ba su yi zurfi ba, a kan rairayi aka dasa su. Daminar 2020, shekarar da kogin Kwara ya cika ya shiga unguwannin Saga da Lamorde, ta bar tsaga a dakalin gadar. Ta 2024, wadda ta yanke hanyoyin shiga Yamai har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba, ita ta ƙarasa shi: gefe ɗaya ya zauna, ƙarfe ya fito fili duk tsatsa. Daga nan amalanken jaki ma sai an sauke kaya kafin ya wuce.

A zaman farko da aka yi a ƙofar gidan mai unguwa, wasu suka kawo shawarar cewa tun da ana aikin kankare, a zarce da shi a binne ƙarafan dogo gaba ɗaya, hanya ta miƙe sumul har kwalta. Hujjarsu ba ta banza ba ce. 'Yan kabu-kabu sun sha faɗuwa a wurin, musamman in ƙarfe ya jiƙe, kuma ba wanda zai ce ga ranar da ya ga jirgi ya wuce. Wani dattijo har ya ce, "Malam shugaba, ƙarfen da ba ya ɗaukar kowa, don me zai hana mu wucewa?" Aka yi dariya, aka kuma yi ta tafi.

Kwamiti bai yarda ba, kuma muna so a fahimci dalili. Layin dogo da filin da ke gefensa dukiyar ƙasa ne, ba na unguwa ba. Takardar izinin da muka samu daga ma'aikatar magajin gari ta gada ce da magudana, ba ta ambaci dogo ba. Da mun zuba kankare a kansa, ranar da hukuma ta tashi aikinta za a fasa ne, kuma mai fasawa ba zai tsaya tantance inda namu ya ƙare ba. Akwai kuma maganar ruwa. Tudun kankare a kan layi zai tare ruwan da ke gangarowa daga kwalta ya juyo da shi cikin shagunan bakin hanya. Abin da aka yi a ƙarshe, bayan an nemi yardar masu kula da layin, shi ne shimfiɗa faifan kankare da aka zuba a gefe, aka jera su tsakanin ƙarafan biyu, waɗanda tazararsu mita 1 ce, da kuma wajensu, aka bar 'yar kafa a jikin kowane ƙarfe inda ƙafar jirgi ke bi. In an buƙaci ɗaga su, za a ɗaga ba tare da an taɓa gada ba. Dattijon nan, Allah ya ƙara masa lafiya, yana cikin waɗanda suka fara bi ta kai.

Kuɗi ya fito ta hanya uku: karo-karon gida-gida, gudummawar 'yan kasuwa da masu motoci, da abin da 'ya'yan unguwa suka aiko daga waje. Iyayenmu mata sun ware zubi guda na adashensu, kuma su suka ɗauki abincin ma'aikata tun daga farko har ƙarshe. Ma'aikatar magajin gari ta ba da aron motar tona da injiniyan da ya duba zane. Mafi yawan kuɗin ya tafi a siminti da ƙarfe. Littafin shiga da fita, da rasit na kowane saye, suna hannun ma'aji, an kuma liƙa kwafi a allon masallacin Juma'a. Duk mai tambaya ya zo da ita, ba laifi ba ne.

An fara aiki da sanyi, bayan magudana ta bushe, da nufin a gama zuba kafin azumi da zafin bazara. An rushe tsohuwar, aka tona har aka wuce rairayi aka iske ƙasa mai tauri. A nan aka ci karo da bututun ruwan famfo da ba ya cikin zanen da ke hannunmu, dole aka dakata har masu shi suka zo suka kauda shi. Sabuwar gada ƙofa biyu gare ta maimakon ɗaya, da daɓen kankare a ƙasa don kada ruwa ya sake cin gindi, da katangu huɗu masu buɗewa a bakin shiga da fita waɗanda ke tattaro ruwa su sa shi ciki. An ƙara mata faɗi yadda mota da babur za su gifta juna, an kuma ware wa masu tafiya ƙasa gefe mai ɗan tudu.

Kan kwaɓi kwamiti bai sassauta wa kowa ba. Injiniya ya ce siminti kilo 350 a kowace mita kubik ta kankare, wato buhu 7 na kilo 50, kuma haka aka yi. Simintin Malbaza muka saya. An mayar da lodin yashi guda saboda laka ta yi masa yawa: babban magini ya damƙa a hannu, ya buɗe, ya ga ya dunƙule ya bar jan shafi a tafinsa, ya ce da direba, "Yi haƙuri ɗan'uwa, wannan na yaɓe ne." An kuma sa ƙananan tubalan siminti a ƙarƙashin ragar ƙarfe don kankare ya lulluɓe ta ta ko'ina, domin rashin haka ne ya sa ƙarfen tsohuwar ya ruɓe.

Ranar zuba dakalin sama an fara bayan sallar asuba, ba a tsaya ba sai da aka kai ƙarshe, saboda dakali ba ya son a zuba shi kashi-kashi. Matasan fada-fada, wato majalisun hira na unguwa, suka yi layi biyu da baro, ɗaya na kai tsakuwa bakin injin kwaɓi, ɗaya na kwaso kankare. Mai injin girgiza yana bin su a baya yana soka bakinsa lungu-lungu har sai kumfa ta daina tasowa. Da aka gama aka rufe shi da buhunan algarara, 'yan garuwa suka riƙa jiƙa su safe da yamma, don iskar hunturu na shanye ruwan kankare kamar yadda take fasa leɓe.

Abin da ya fi wuya shi ne jira. Kankare sai ya kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi, amma a ido tun mako na farko ya zama dutse. Zagayen da aka buɗe na wucin gadi yana da nisa ga ƙura, marasa lafiya da 'yan makaranta sun wahala, mun sani. An yi ta zuwa roƙo, wani da buki, wani da lodin kaya. Aka tare bakin gada da ganguna cike da yashi, matasa suka raba kwanan gadi a tsakaninsu. An bar masu tafiya ƙasa su fara bi da wuri, mota kuwa ba wadda ta hau sai da kwanakin suka cika injiniya ya sa hannu.

Akwai abin da ya rage. Ba a sa fitila ba, kuma ƙarfen kariya na gefen yamma fenti ɗaya kawai ya samu. Ragowar kuɗin da ke asusu zai isa fenti, ba zai isa fitila ba. Babban abin da ke gabanmu kuwa yashe magudana ne, daga gada har inda take karya kwana, domin ƙofa biyu ma za ta toshe in aka ci gaba da juye shara a ciki. Kwamiti ya ba da shawarar a yi aikin gayya a watan Mayu kafin ruwan farko, a maimaita a tsakiyar damina, mai unguwa kuma ya amince ya raba layuka. Za a tsayar da rana a taron da za a yi bayan sallar la'asar ta Juma'a mai zuwa, kuma a wurin ne kwamiti zai miƙa littafi da ragowar kuɗi ga waɗanda jama'a suka zaɓa su kula da gadar.